Giwa a Rumbuna

Da yayana zai koma Kudu wurin aiki, ya danƙa mini amanar wata kwandala ta zinariya mai hoton giwa, a rufe cikin 'yar roba. Ya ce an buga ta ne don tallafa wa masu kare giwaye daga maharba.

Inna, mahaifiyarmu, tana gani ta ce ba za a ajiye hoton mai rai a ɗakin da ake salla ba. Na rasa inda zan kai ta, sai na ƙulle a tsumma na cusa cikin dammunan gero a rumbu.

Tun daga ranar na zama maigadi. In za a ciro dami, ni ke hawa. Abokaina suka tafi noman rani madatsar ruwan Watari, na ce musu ƙafata ke ciwo.

Na kira yayana ya zo ya ɗauki tsiyarsa, ya ce sai da Salla. Sallar ta wuce, wata ma ta wuce.

Giwayen dai suna can daji suna yawonsu. Ni aka ɗaure a gindin rumbu.