Shinkafar da Na Shuka wa Baba Bukar Daga Kano

Juma'a: Kano zuwa Haɗejiya

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ina sallame salla na saɓa jakata na fito. Ban karya ba, don hankalina ba ya kan abinci. A cikin jakar akwai kwamfuta, da waya biyu, da wasu takalman roba da matata ta cusa mini tana cewa ta san ni, in aka bar ni da sau-ciki zan shiga fadama. Ƙarfe shida saura kaɗan ina tashar 'Yankaba.

Bari in faɗa wa wanda bai san ƙungiyarmu ba dalilin tafiyar. Mu 'yan sa-kai ne, ɗalibai da malamai da ma'aikata. Muna tattara bayanai mu tsara su mu zuba a intanet kyauta, kowa ya ɗauka ya yi amfani, wanda kuma ya ga kuskure ya faɗa a fili. Watanni uku da suka wuce muka yi zaman kwana biyu a Kano muna duba hotunan tauraron ɗan'adam na fadamar Haɗejiya, muna sa wa kowane yanki alama: nan ruwa, nan shinkafa, nan kacala, wato doguwar ciyawar nan da ke toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki. Ni na fi kowa sauri a zaman, har tafi aka yi mini, na kuwa ji daɗin tafin. Kowace alama tana ɗauke da sunan wanda ya sa ta.

Ran Talata sai ga saƙo a shafinmu daga wata malamar firamare a Haɗejiya, Malama Falmata. Ta rubuta: "Wurin nan da Auwalu ya ce shinkafa ce, gonar mahaifina ce. Shekara bakwai ba a shuka komai a cikinta ba. Kacala ce." Ni ne Auwalun. Sannan ta ƙara abin da ya hana ni sukuni. Kwamitin garuruwan yankin da ke shirya yashe hanyoyin ruwa kafin damina ya ɗauki taswirarmu don ya san inda toshewa ta fi tsanani, kuma da yake ƙauyensu ya fito fes da shinkafa, an tsallake shi. Ran Litinin za a rufe jerin sunayen. Dokarmu kuwa ba a canja alama sai da hoton da aka ɗauka a wurin. Malamar tana iya ɗauko hoton da kanta, amma ni na ɓata, na ga rashin kunya ne in zauna ƙarƙashin fanka in aiki matar mutane.

Naira dubu shida na biya, aka haɗa ni da wani mai ƙiba a kujerar gaba. Mun tashi bakwai saura ashirin. Tafiyar kusan kilomita ɗari biyu ce, ta Gezawa da Ringim. Bayan mun wuce shingen bincike na biyu direban ya kalle ni ya ce, "Malam, wannan jaka ka rungume ta kamar jariri, me ke ciki?"

"Kwamfuta ce."

"Me za ka kai wa Haɗejiyawa da kwamfuta?"

"Haƙuri zan je bayarwa."

"Haƙuri? Ai da waya ma ana bayarwa, ka huta da kuɗin mota."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ƙyale shi ya je, ɗan nan. Na waya ba ya shiga zuciya." Motar ta ɗauki dariya.

Tara da minti goma muka tsaya a Gujungu. Nan yunwa ta tuna da ni, na sha shayi da ƙosai na naira dubu ɗaya. Goma da kwata muka ratsa Kaugama, sha ɗaya da minti ashirin muka shiga Haɗejiya, rana ta riga ta buɗe sosai irin ta bazara.

Bayan an sauko daga Juma'a mijin malamar, Malam Sale, ya zo ya ɗauke ni a babur zuwa gidansu. Na shirya jawabi tun daga Ringim, amma tana leƙowa zaure ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne manomin? Sannu da aiki. Bana an samu albarka?" Jawabin ya bi iska. Na ce, "Malama, a yi haƙuri." Ta ce, "Ni ba ni da gona. Ka ajiye haƙurinka ka kai wa Baba."

Na tambaye ta yadda aka yi ta ga taswirar. Ashe da ita take koya wa 'yan aji shida sanin ƙasarsu, kowa ya nemo garinsu. Ranar da ta nemo nata ne ta ga gonar. Aka kawo mini tuwon shinkafa da miyar kuka da bandar kifi, abin da ban taɓa cin mai daɗinsa ba. Da na yaba, sai ta ce daga bayan labule, "Shinkafar ma saye muke yi yanzu. Da daga gida ake aiko mana." A ɗakin baƙinsu na sauka.

Asabar: Kirikasamma da cikin fadama

Bakwai na safe muka hau mota mu uku zuwa Kirikasamma, tafiyar minti arba'in da biyar. Daga nan 'yan acaba suka ɗebe mu, minti ashirin da biyar cikin rairayi, sau biyu ina sauka muna tura babur. Muka fara gaida Bulama, mai garin, kamar yadda ya kamata, sannan muka wuce gidan Baba Bukar, mahaifin malamar.

Dattijo ne siriri, zai yi shekara saba'in, mai magana a hankali. Mun same shi yana gyaran raga. Manomin shinkafa ne tun tasowarsa, kamun kifi kuwa dole ce ta koya masa shi da tsufansa. Na durƙusa na gaishe shi na fara bayani. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaro, ni ban fahimci duk wannan ba. Ka ce ka ga shinkafa a gonata. Tashi mu je ka nuna mini ita."

Muka shiga kwalekwale, ni da shi da malamar. Shi ke tuƙi da doguwar gora. Minti biyar da barin gaɓa muka shige cikin kacala, kuma sai a lokacin na san abin da na yi ta sa wa alama. Ta fi tsayin mutum biyu, ta tsaya cunkus hagu da dama, hanyar da aka sassare a tsakiya iyakar faɗin jirgin ce. Ba iska, sai warin ruwan da ya daɗe a kwance da sauro da rana tsaka. Can wani garken tsuntsayen jan-baki ya tashi daga ciki har sai da sama ta yi duhu. Baba ya bi su da kallo ya ce, "Ga masu gonar yanzu. Nan suke kwana, da safe su tafi su cinye ɗan abin da ya rage wa mutane a tudu."

Ya yi mini bayanin yadda abin ya faru. Babbar hanyar ruwan ce ta toshe, ruwa ya rasa inda zai wuce ya kwanta a gonakinsu rani da damina, kacala kuwa abin da take so ke nan. Garuruwan da ke gaba kuma ruwan bai isa gare su ba. 'Ya'yansa maza biyu duk sun bar garin.

Bayan kamar minti arba'in ya kafa gorar ya ce, "Mun iso." Na waiga ko'ina ban ga bambanci da inda muka baro ba. Ya nuna mini wata busasshiyar tsamiya da ta leƙo ta saman ciyawar. "Nan muke ɗaure jaki. Nan uwar wannan take kawo mana fura."

Na buɗe wayar na miƙa masa. A taswirarmu kacala ja ce, shinkafa kuma kore. Ɗigon da ke nuna inda muke tsaye yana tsakiyar kore shar. Ya riƙe wayar da hannu biyu ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "A hoton da ka duba, ka ga hanya?"

"Wace hanya, Baba?"

"Hanyar ƙafa. Gonar da ke da mai ita ai tana da hanya. Tana da iyaka, tana da bukkar mai korar tsuntsu. Kuma shinkafa yanke ta ake yi. Wannan kuwa ka dawo kowane wata, haka za ka same ta. Ba ka duba na wani watan ba?"

Ban duba ba. Hotunan wasu watannin suna nan a kwamfutar, latsawa ɗaya ce, amma da na tsaya dubawa da ban zo na ɗaya ba. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, har zufar da ke keto mini na rasa ta rana ce ko ta kunyar. Na faɗa masa gaskiya: sauri nake yi don a yaba mini. Ya gyaɗa kai kawai. Na ɗauki hotuna gabas da yamma, kudu da arewa, har da tsamiyar, muka juya.

A garin ba sabis sai a kan wani tudu bayan masallaci. Can muka hau bayan azahar. Na loda hotunan, na buɗe wurin gyara, saura latsawa ɗaya gonar ta koma ja. Sai Baba ya ce, "Dakata. Bari in ƙara gani." Ya karɓi wayar. "Shekara bakwai ban ga shinkafa a gonar nan ba sai a hannunka. Na san ƙarya ce, amma ta yi kyau." Malamar ta juya mana baya tana goge ido da gefen hijabinta. Ya ce mata, "Falmata, ki ajiye mini wannan na farkon a wayarki." Ta ɗauki hoton fuskar wayar. Sannan ya tambaye ni inda ake latsawa, na nuna masa, ya sa babban yatsansa ya latsa da kansa.

Ba gonarsa kaɗai ba ce. Bulama ya tara dattawa a gindin darbejiya, na buɗe kwamfuta muka bi yankin gona gona. In na nuna wuri sai su faɗi sunan mai shi da shekarar da ya bari, wani ya rasu, wani ya yi ƙaura. Abin da na gama cikin minti ashirin a Kano, sai da ya ci mana daga azahar har bayan la'asar, kuma yawancin korena ya koma ja. Uku daga cikinsu suka sake shiga jirgi da ni muka ɗauko hotunan da suka rage. Mun iso Haɗejiya ana kiran magariba, takalman robar sun cika da laka.

Lahadi: komawa gida

Da safe Malam Sale ya raka ni wurin sakataren kwamitin, na nuna masa sabuwar taswirar da hotunan, na ce masa kuskuren nawa ne, ba na garin ba. Mutumin kirki ne, amma bai yi mini alkawari ba. Ya ce, "Injin yashe hanyar ruwan ɗaya ne, garuruwa da yawa. Abin da zan iya shi ne in kai maganar gaban mutane gobe." Na so in ji fiye da haka, amma ba ni da bakin nema.

Na baro Haɗejiya sha ɗaya da rabi da ƙunshin banda da malamar ta ba ni in kai wa matata. Ranar kasuwar Gujungu ce, muka yi kusan sa'a guda a cunkoso tsakanin motocin shanu da na hatsi. Biyar saura kwata na shiga gida. Alhamdu lillahi.

Ga abin da ke tafe, 'yan uwa. Ran Asabar mai zuwa, ƙarfe goma, za mu haɗu a inda muka saba mu sake duba duk alamomin fadamar, da nawa za a fara. Daga yanzu ba a sa wa wuri alama sai an kwatanta hoton damina da na rani, kuma ba a sakin taswira sai wani ɗan yankin ya duba ta. A wata mai zuwa za mu yi horon kwana biyu a Haɗejiya ga malaman makaranta, Malama Falmata ce za ta jagoranta, ni mai riƙe mata jaka ne. Na kuma roƙi shugabanninmu a daina yi wa mai sauri tafi.

Ina godiya ga Malam Sale da iyalinsa da suka sauke ni, da Bulama da dattawan da suka ba ni yininsu, da matata da takalmanta. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Yau Litinin bayan la'asar, ina cikin rubuta wannan, saƙon malamar ya shigo. An sa garin a jerin, amma can kusa da ƙarshe, kuma ba wanda ya san ko injin zai iso kafin ruwa ya sauka. Ta ce da ƙyar ta samu Baba a waya ta gaya masa, ya yi hamdala, sannan ya ba ta saƙo gare ni: "Ki ce wa Auwalu, ranar da Allah ya sa aka sake shuka gonar, shi zai mayar da ita kore. Amma wannan karon ya zo ya gani da idonsa tukuna, ya kuma taho da lauje."