Direban da ke riga jirgi isa Mango

Daren Talata na ji wani ƙugi a bayan katangata, kamar babbar mota tana hawan dutse. Mota ba ta shiga lungunmu a Zongo. Na leƙa, sai na ga maƙwabcina Alassani a kan tabarma, hannuwansa a iska, yana kwaikwayon kukan inji da bakinsa.

"Ina muka kai, Baba Direba?" na tambaya.

"Hawan Defale, Malam. Kar ka sa ni magana, akwai kwana."

Haka yake yi kullum tun da yanar ido ta rufe masa gani ya ajiye aikin tuƙi. Yana bin hanyar a ransa don kada ta ɓace masa.

A da, kamfanin auduga yana da ƙaramin jirgin sama da ke tashi daga filin Sokode zuwa na Mango. Jirgin ba ya cika awa guda a sama. Alassani kuwa wuni yake yi a ƙasa da gangunan mai, don babu mai a filin Mango sai wanda ya kai. Dole ya riga jirgi tashi da kwana ɗaya. Abin ya daɗe yana ba ni mamaki: mai fiffike yana jiran mai rarrafe.

Buri ɗaya gare shi, ya ga hanyar nan daga sama. Ya ce yana son ya san ko da gaske tana lanƙwasa kamar yadda bayansa ke ji. Matuƙin jirgin ya yi masa alkawari, ya kuma cika a tashin ƙarshe kafin kamfani ya sayar da jirgin. Issifou, mai gadin filin Mango, ya ba ni labari. Alassani ya sa rigar sallarsa, har an ɗaura masa bel, sai ga amalanke da wata mata, Ajaratu, haihuwa ta gardame mata. Kujera ɗaya ce.

"Yaya, kwance mini igiyar nan," ya ce wa Issifou. "Ni na san hanya, ita ba za ta iya ta ba."

Ya koma motarsa da rigar sallar. Ajaratu ta rayu, jaririn bai rayu ba.

Alassani, kai ne ka sha ƙurar da wasu suka tsallake. Jirgi bai taɓa kwana a Mango don rashin mai ba, kuma ba wanda ya san sunanka a cikin masu hawansa. Mun gode, Allah ya saka maka. Direbobin Zongo, ku yi koyi da shi.

Likita ya ce ɗan hasken da ya rage a idonsa na hagu ba zai wuce damina ba. Don haka nake roƙon duk wanda ya san wani matuƙin jirgi mai zuwa arewa wajen Mango, ya nema masa kujera kusa da taga.

Na karanta wa mutanen gidanmu wannan roƙo da la'asar. Maƙwabciyarmu Ramatou ta ajiye tsintsiyarta.

"Malam, da safen nan na miƙa masa koko, hannunsa ya wuce kwanon. In an ɗaga shi yanzu, me zai gani?"