Barandar Inna

Shekarun baya, lokacin da nake karatun likita a Romaniya, akwai wani tsohon ɗakin karatu da nake bi ta gabansa kullum. Wani mai zanen gine-gine ɗan ƙasar ne ya tsara shi, ya mutu tun kafin a haifi kakana. A barandarsa akwai ginshiƙai farare dogaye a jere, ba ado sai ɗan naɗi a samansu kamar bakin tabarma. Duk ranar da kewar gida ta dame ni, in na tsaya a ƙarƙashinsu sai hankalina ya kwanta.

Bayan na dawo Yelwa, ruwan sama ya kayar da rumfar gidanmu. Lokacin ciwon ƙafa ya hana Inna fita, zaman ɗaki ya fara ramar da ita. Na ce zan yi mata baranda irin waccan, na nuna mata hoton a waya.

Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wanga kotu ce ko masallaci?"

"Ɗakin karatu ne, Inna."

"To ni mi zan karanta?"

Ban fasa ba. Ni da ban taɓa aza bulo ba, na tsaya a kan magini sai da ya rushe ginshiƙin farko, don ya fito gajere kamar turmi. 'Yan unguwa suka sa wa gidanmu suna kotu. Aka gama, Inna ta ƙi ko leƙawa.

Wata rana da la'asar na dawo daga asibiti, sai na tarar da ita a barandar da ƙawayenta, iskar kogi na kaɗa su, ana ta dariya. Har an ɗaura igiyar shanya tsakanin ginshiƙai biyu. Na buɗe baki zan yi magana, ta riga ni.

"Mutumin da ya zana abin ga ya san darajar inuwa. Yana da rai?"

"Ya daɗe da mutuwa, Inna."

"Kash! Da na aika mishi da busasshen kifi."

A nan ta yi sauran shekarunta, cikin mutane. Na sha jin malamai suna yaba aikin mutumin nan da manyan kalmomi, amma har yau ban ji yabon da ya kai na Inna ba.