Cibiyar da Muka Binne a Bakin Fadama

Ranar da cibiyar ɗiyata ta faɗi, saura kaɗan mu ɓata da Inna, mahaifiyata. Ta zo daga Maradi ne don wankan jegona, kuma tun saukarta babu abin da ya burge ta a Lyon sai ruwan zafin famfo. Na naɗe ɗan busasshen abin a takarda na shiga kicin. Ni fa na iya rabe shara har na fi masu garin: kwalba daban, kwali da gwangwani cikin mazubin shara mai murfi rawaya, saura a baƙar leda. Ina tsaye ina tunanin inda ya dace na jefa shi, sai ga ta a bayana.

"Ke, ina za ki da shi?"

"Pubel, Inna, wurin shara."

"Jikar tawa za ki gama da ɓawon albasa? Ƙasa ake ba cibiya."

Mu da ke hawa na huɗu a unguwar La Guillotière, ko tukunyar fure ba mu da ita. Amma maigidana yana da ɗan lambu a bayan gari, cikin waɗanda wata ƙungiya ke raba wa ma'aikata. Lokacin rabo ya zaɓi na bakin ruwa, wanda kowa ya ƙi saboda sauro da laka, ya dawo gida yana yi wa Turawa dariya, wai ba su san darajar fadama ba. Yakuwa ta yi masa, kuɓewa ta ƙi. Can muka je da Inna, ta tona rami a bayan ƴar rumfar katakonsa, ta yi bisimilla ta rufe, ta taka da dunduniya.

Yarinyar tana da shekara biyu muka kai ta gida ganin dangi. Zazzaɓi ya kama ta, kafin mu ankara Allah ya karɓi abinsa. Maza suka ɗauke ta suka fita, suka dawo hannu sake. Mata ba sa bin gawa, don haka ban taɓa ganin kabarinta ba, kuma ban tambaya ba.

Da muka koma Lyon, lambun nan ya zama wurina. Ban taɓa son noma ba, har yanzu ma. Kujera nake ja bayan rumfa in zauna, maigidana yana ta kaftu. Nan kaɗai nake iya kuka ba tare da maƙwabta sun ji ta bango ba.

Sai wata bazara ma'aikaciyar magajin gari ta zo da turaku da jan zare. Ta tara mu ta yi bayani a hankali: an sa fadamar cikin wuraren da ake karewa, ba gini, ba tono, ba jujin taki, sai an ja da baya daga bakin ruwa. Za a ba mu wani fili a tudu. Zaren ya bi ta gaban rumfarmu, ya bar mu gaba ɗaya a ɓangaren kwaɗi. Raina ya ɓaci, har na buɗe baki. To, in ce mata me? Matar ba ta da laifi, ni ma ba ni da kalmar da zan faɗa mata abin da ke ƙarƙashin ƙafarta.

Na kira Inna a waya, na ce zan tone cibiyar.

"A'a, ɗiyata, ba a tonewa," ta ce. "Kuma mi za ki iske? Ta zama ƙasa tuni. Bar ta nan, wurin da ruwa da sanyi."

Maigidana ya ɓalle rumfar, muka jibge katakan a bakin hanya ranar kwasar manyan tarkace. Motar shara ta zo ta haɗiye su ina kallo.

Har yanzu ina zuwa, in tsaya a bayan shingen da suka kafa. Kwaɗin sun ji daɗi, sun cika wurin da surutu, kuma ban ƙara jin haushinsu ba. Ciyawar ruwa ta rufe lambunan ƙasa duka, ta fi ni tsawo. Bara ina iya nuna wurin da yatsa. Bana na tsaya na duba, na sake dubawa, ban gane shi ba.