Ranar da Jaruminmu Ya Shiga Yaƙi da Kayan Kwalliya

Shekarun baya, soja ba su daɗe da miƙa mulki ba, aka buɗe shagon intanet a bayan layinmu a Agege, cikin Legas. Ni da abokina, wani tela ɗan unguwarmu, muka zama 'yan gida a wurin. Wani wasa ne ya kama mu, wanda ake yi da mutanen ƙasashen waje. Babu hoto ko ɗaya, rubutu ne zalla, amma wallahi in muka zauna har zufa muke yi. Jarumi ɗaya muke da shi mu biyu, kujera ma ɗaya muke matsewa a kai.

A wasan ana adana wa jarumi shigar kaya iri biyu. Ka danna lamba ɗaya, jarumi ya saka ta farko, ɗayar ta koma ma'ajiya. In aka kashe shi kuwa, duk abin da ke jikinsa ya tafi ke nan. Ni na tsara mana: ta farko sulke da takobin da muka yi watanni muna wahalar nema, ta biyu takalman gudu da magani, don in abu ya ɓaci mu arce.

Abokina bai taɓa son tsarin nan ba. Kullum sai ya ce, "Dubi mutumin nan don Allah, kamar ɗan dako a kasuwar Mile 12. Ba shi da ko rigar fita kunya?"

Sai ga wata ƙungiya ta manyan 'yan wasa ta gayyace mu farautar dodon kogo, in mun yi abin kirki su ɗauke mu. Murna kamar in yi tsalle! Ranar farautar, motar haya ta danfo ta maƙale da ni a hanyar Isolo, abokina ya riga ni zuwa. Na iso ina haki, ya matsa mini yana wani murmushi, ban ko tambaye shi dalili ba.

Aka shiga kogo. Kai, ranar na yi sara! Ina buga madannai, shi yana dukan kafaɗata yana cewa, "Ƙara masa! Ƙara masa!" Can dodo ya juyo kanmu, jini ya fara zuba, saura ƙiris. Takobinmu na tuna. Na danna lamba biyu don mu gudu.

Sai allo ya rubuto cewa jaruminmu ya sanya doguwar rigar siliki shuɗiya, da hula mai gashin tsuntsu, da zobe.

Na ce, "Kai! Ina takalman?"

Ya ce, "Na cire. Haba, za ka je gaida manya karon farko da kayan aiki? A gidanku haka ake yi?"

Kafin in buɗe baki dodo ya gama da mu. Na dafe kai, idona ya ciko. Oga mai shago har ya taso yana tambayar wa ya mutu. Na yi sauri na buɗe ma'ajiya, sai ga sulke, sai ga takobi, suna zaune lafiya lau. Ashe da rigar kwalliya kaɗai dodo ya tafi. Na kurma ihu, na rungume abokina har kujera ta kife da mu.

'Yan ƙungiyar suka cika allo da dariya. Shugabansu ya ce bai taɓa ganin wanda ya yi ado don ya mutu ba, kuma dabarar ta burge shi, mun shiga. Ban gaya masa cewa ba dabara ba ce.

Ina ta rawa a tsakiyar shago, na waiga na ga abokina ya yi tagumi. Ashe makonni ya yi yana laɓaɓowa shi kaɗai, yana tara zare da rini a cikin wasan, har ya ɗinka rigar nan.

Har yau in na tuna sai daɗi ya kama ni, da ɗan tausayinsa. Ni takobi nake karewa, shi mutuncinmu. Da muka fito na ce masa ya yi murna mana, mun tsira da komai. Ya dube ni ya ce, "Komai naka dai. Ni ko gaisawa ba a yi da rigata ba."