Ingilishin Hamani da jikarsa ta Fatakwal

Hamani na Tajaye ya haura saba'in bai taɓa zagin kowa bisa kuskure ba. In ya zage ka da gangan ne, kuma ka cancanta. Manomin gero ne da wake, irin tsofaffin nan da gona ta cinye musu gwiwa ta bar musu baki. Sa'o'insa duk sun yi ci-rani, wasu Abijan wasu Ikko, sun dawo da rediyo da ciwon baya. Shi ko iyakar tafiyarsa Ƙonni, can ɗin ma ba ya yarda ya kwana.

'Ya'ya bakwai Allah Ya ba shi da marigayiya matarsa, Ya karɓe shida tun suna goye, aka bar masa Sabi'u. Sabi'un nan ya bi motar albasa zuwa Fatakwal yana saurayi, ya ga can ruwan sama ba ya ƙarewa, ya miƙe ƙafa. Ya auri 'yar ƙasar, suka haifi Zulaiha. Uba na kasuwa tun asuba, yarinya ta tashi da yaren uwa da Ingilishin makaranta, Hausa ko ta "zo ki ci tuwo" ba ta ji.

Abin da ke cin Hamani ke nan. Kowa ya san jika abokin wasan kaka ne. Da la'asar a ƙofar gidan maƙwabcinsa Liman, jikoki mata ke yi wa tsohon rubdugu, wannan ta fizge hula, waccan ta ce, "Mijina, yau ma ba cefane? Sakina nake so." Liman ya ce wa zai zauna da mummuna mai kan ƙwarya. A kwashe da dariya. Hamani na gefe yana jan carbi da ƙarfi sai ka ce carbin ne ya yi masa laifi. Jika ɗaya gare shi a duniya, ita ma in an haɗa su a salula sai ta yi yarenta, shi ya ce "na'am, na'am", sai shiru, sai Sabi'u ya karɓe.

Shekarar da yarinyar ta cika tara, bayan an gama kai gero rumbu, Hamani ya ja sandarsa zuwa wurin Mushe Sharifu (Mushe ake ce wa malamin boko a can), malamin Ingilishi na kwalejin garin, wani ramamme da alli ya gama tsotsewa.

"Mushe, Ingilishi nika so."

"Baba, yanzu? Da wane haƙori?"

"Da waɗanda sunka rage. Ba karatu nika so ba, magana za ni yi da matata ta Fatakwal."

Mushe ya ga in aka tsaya koyon baƙaƙe, likkafani zai riga su. Sai ya ba shi hanya ɗaya tak. Ya ce, "Ka fara da yadda abu yake: daɗi, wuya, murna, gajiya. Sai ka sa tu. Sai ka kawo aikin. Jaki gaba, amalanke baya, tu ɗin nan ita ce igiyar."

Wannan kam Hamani ya gane, don ya fi shekara talatin yana ɗaure jaki. Rani guda ya kwashe yana bita. Ayam hafi tu hiya yu, ina murnar jin muryarki. It iz had tu fain wota, samun ruwa da wuya. It iz gud tu firei, salla na da kyau. Ya faɗa wa akuya, ya faɗa wa bango, ya faɗa wa mai nono har ta daina biyowa ta ƙofarsa.

Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya je, Mushe ya danna salularsa, tsoho ya yi magana a naɗa a aika wa Zulaiha. Ranar farko amsa ta zo da 'yar dariya a ciki, Hamani ya sa aka maimaita masa har batir ya mutu. Haka aka yi Juma'a biyar lafiya lau. Da ya tsaya nan da an zauna lafiya, amma yaushe tsoho ya taɓa tsayawa inda ya dace?

"Mushe, wagga ai maganar buro ce, irin ta ma'aikatan gwamnati. Haka aka gaida mai hatimi, ba jika ba. Juya mini wanga: kin cika muni, ba mai aurenki. Kin cika ƙiwa, ba ki iya tuwo ba."

Shi ma Mushen, da duk karatunsa, ɗan ƙasa ne. Da irin wannan ya tashi da tasa kakar, bai ga komai a ciki ba sai daɗi. Ya yi dariya har da tari, ya ɗaura masa jakin da amalanken: Yu a tu ogli tu mari. Yu a tu lezi tu kuk. Hamani ya gyara murya, ya ɗaure fuska yadda ake yi in ana son wasa ya yi armashi, ya faɗa tiryan-tiryan ba tuntuɓe ko ɗaya. Bai taɓa yin Ingilishi mai kyan na ranar ba. Ya koma gida yana jiran zagi kamar mai jiran ruwan shuka.

Kwana biyu sai ga kiran Sabi'u.

"Baba, me ka faɗa wa yarinyar nan? Tun shekaranjiya take kuka. Ta ce ba za ta koma makaranta ba, tana tambayar uwarta ko da gaske ita mummuna ce."

"Kai, wane irin sakarci! Ba ka hwaɗa mata wasa ne ba?"

"Na faɗa. Ta ce in wasa ne, me ya sa ba ka yi dariya ba? Baba, nan ba a san wasan nan ba."

"To kai mi kaka yi shekara tara, ba ka koya mata ba?"

Juma'a uku Hamani na aikawa, shiru. A ta huɗu ya zauna bakin dakalin Mushe ya ce a koya masa ba da haƙuri. Tun da aka kafa Tajaye ba a taɓa jin kaka ya roƙi gafarar jika kan wasa ba, shi ya sa ya ce su shiga ciki Mushe ya ja ƙofa. Ayam sori tu mek yu kirai, ki yi haƙuri da na sa ki kuka. Sau huɗu ana sakewa, wannan karon harshen ya ƙi.

Amsa ta zo bayan mako. Mushe ya kara a kunne ya fassara.

"Ta ce ta yafe. Ta ce za ta koyi girki, za ta zama yarinyar kirki. Ta ce ta gode, ranka ya daɗe."

"Sai mi?"

"Shi ke nan."

"Ba ta ce mini tsoho marar haƙori ba? Ko mai warin taba?"

"Ko ɗaya, Baba."

Hamani ya goge fuska da hannun riga. Ya ce to a gwada ta ƙarshe, a gaya mata ƙarara cewa ya ba ta izini, ta zage shi son ranta. Mushe, wanda ya riga ya gaji da lamarin, ya haɗa masa: Yu a firi tu insolt mi. Aka aika.

Wannan karon ba ta ɓata lokaci ba, kafin su tashi amsar ta shigo, muryar 'yar siririya, a natse, kamar mai karatu gaban malami. Mushe ya saurara, ya sosa ƙeya.

"Ta ce mamanta ta ce ba kyau a zagi manya."

Tsohon ya miƙa masa salular da hannu biyu, ya dafa sanda ya tashi da ƙyar.

"Uwar ta iya tarbiyya," in ji shi. "Allah Shi yi albarka."

Ya faɗe ta ne da muryar da ake gaisuwar mutuwa.