Hanyar da Kawu ya sa na haddace

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar kawuna, maharbin da ya san dajin da ke tsakaninmu da Nijar kamar tsakar gidansa. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi nawa ba. Zamanin ne ya zo da haka.

Sau ɗaya na taɓa bin sa, da damina, ina sabon malamin makaranta mai jin kansa. Muka bar Magama da sassafe. Kafin hantsi daji ya rufe mu, marke da kanya sun haɗe a sama, rana sai a tsakanin ganye. Ya nuna mini sawun gada a laka, da garken birai da suka tsaya suna ƙare mini kallo, ya ce sun ga ɗan'uwa da takalmi. Da azahar ya ɗaga wani faffaɗan dutse a gindin tsamiya, sai ga idon ruwa mai sanyi, wanda ya ce ko a tsakiyar rani ba ya ƙafewa.

Kawu yana da doka: wanda ya bi shi da safe, shi zai maido shi gida da yamma. Da za mu juyo, ya koma bayana ya bar ni a gaba. Na ɓata sau uku, sai da ƙafata ta yi kanta, amma hanyar ta zauna a kaina daram. A wurinsa, ruwan daji amana ne, kuma bai kamata saninsa ya bi mutum kabari ba.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce yau, da dajin ya koma hannun masu bindiga, manoman Bugaje suna noma ido na bakin daji. Birai ma an ce sun ƙaura. Ruwa ba ya tsami banza.

Makon jiya wasu mutum biyu suka same ni a ƙofar gida, gaisuwarsu har ƙasa. Ban san su ba, su kuwa har sunayen 'ya'yana sun sani. Babban ya ce, "Malam, an ce kai kaɗai ka san ruwan tsohon nan. Mi za ya hana mu tahi ka gwada muna? Yini guda ne." Na ce na manta. Ya yi murmushi, ya ce ba komai, rani da tsawo, za su sake leƙowa.

Na san abin da ruwa zai yi wa masu zaman daji da rani, na kuma san garuruwan da ke kusa da tsamiyar nan. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa.

Kawu bai bar gona ba, bindigarsa ma tsatsa ta cinye. Gadonsa duka yana cikin kaina. Allah Ya jiƙan sa da rahama. Ni kuwa bayan kowace salla roƙona ɗaya ne: Allah Ya mantar da ni kafin su dawo.